MU ZANA NAMAN KAZAN ƘASARMU TUN YANA NAN

Da zarar damina ta kankama a ƙasar Magami, watau daga watan Yuni zuwa Satumba, akwai waɗansu baƙi da ke fitowa cikin dare ba tare da sallama ba. Da safe sai a gan su a gindin suri, a kan juji, a jikin ruɓaɓɓen kututture, ko kuma a tsakiyar filin ƙwallo. Wasu farare ne tas kamar auduga, wasu ruwan ƙasa, wasu kuma ja kamar gauta. Mukan kira su naman kaza ko laimar kwaɗi, yara su shure su da ƙafa, manya su wuce ko kallo ba su yi ba. Bayan kwana biyu ko uku sun narke sun ɓace, sai kuma wata damina.

Ra'ayinmu a wannan rubutu shi ne, lokaci ya yi da mu ɗaliban wannan yanki, daga Gusau zuwa Tsafe da Bunguɗu, za mu ɗauki fensir da fentin ruwa mu zana waɗannan halittu ɗaya bayan ɗaya, mu rubuta sunan kowanne da Hausa da abin da dattawa suka sani a kansa, mu adana a makarantunmu. Mun san wani zai yi dariya ya ce, duk matsalolin da ke damun Zamfara a rasa abin magana sai laimar kwaɗi? To, a yi haƙuri a bi mu sannu a hankali.

Da farko dai ya kamata mu san ko su wane ne waɗannan baƙi. A da masana suna lissafa su cikin tsirrai, amma tun shekarar 1969 aka ware musu gida nasu na daban, domin ba su da koren ganye, ba sa kuma haɗa abincinsu da hasken rana. Laimar da muke gani a sama kamar 'ya'yan itace ce kawai. Ainihin jikin yana ɓoye cikin ƙasa ko cikin ice, wasu siraran zarurruka ne farare kamar saƙar gizo. Dangin nasu kuwa yana da faɗi ƙwarai. Funfunar da ke kama tuwon da ya kwana danginsu ce. Burtuntunar da ke mayar da zangarniyar dawa baƙin gari ita ma haka. Makeron da ke cin kan yara da ƙyasbin da ke fitowa a fata duk 'yan gida ɗaya ne, haka kuma yis ɗin da ke kumbura burodi. Maganin fenisilin da ya ceci rayukan miliyoyin mutane daga wata funfuna aka same shi, wadda Alexander Fleming ya lura da ita a ɗakin bincikensa a Landan cikin 1928. Ashe ke nan dangin da ke cikin abincinmu, da gonarmu, da jikinmu, da asibitinmu, bai kamata a raina su ba.

A rahoton da masanan lambun Kew na Ingila suka fitar a 2023, sun ƙiyasta cewa akwai ire-iren waɗannan halittu kimanin miliyan biyu da rabi a duniya, amma waɗanda aka raɗa wa suna ba su wuce 155,000 da 'yan kai ba. Watau fiye da kashi 90 cikin 100 ba a san su ba tukuna. Da yawa daga cikinsu kuwa a ƙasashe masu zafi irin namu suke. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce laimar da yaro ya shure a bayan ajinmu babu hotonta a kowane littafi.

Domin mu ga abin da mai fensir da fenti zai iya yi, bari mu kawo labarin wata Baturiyar Ingila mai suna Beatrix Potter, wadda aka haifa a Landan cikin 1866. Duniya ta fi saninta da littattafan yara, musamman labarin zomon nan Peter Rabbit da aka buga a 1902. Amma kafin nan ta shafe shekaru tana zanen naman kaza da fentin ruwa, har ta yi zane kusan 350. Ba ta je jami'a ba, a gida aka koyar da ita. Iyayenta sukan tafi hutu ƙasar Sikotilan, a can ne kusa da garin Dunkeld ta san wani dattijo mai suna Charles McIntosh, wanda aikinsa raba wasiƙu ne a ƙauyuka. Yana tafiyar mil da yawa a ƙasa kullum, yana lura da duk abin da ya tsiro a gefen hanya, har ya zama masani. A 1892 ta nuna masa zane-zanenta, suka ci gaba da musayar wasiƙu, yana aika mata da naman kaza ta gidan waya, ita kuma tana mayar masa da zanensu. Shi ne ya ba ta shawarar ta riƙa tsaga naman kazan gida biyu tana zana cikinsa, ta kuma nuna yadda haƙarƙarin da ke ƙarƙashin laimar ya haɗu da kara, domin a nan masana ke rarrabe wani iri da wani. Daga lokacin zanenta ya wuce abin ado, ya zama abin da masani zai dogara da shi.

Ba ta tsaya nan ba. Ta sami madubin likita ta shiga nazarin ƙurar irin da ke zubowa daga ƙarƙashin laimar, tana shuka ta a kan gilashi tana zana yadda take tsirowa. Ta rubuta takarda a kan haka, aka gabatar da ita gaban ƙungiyar masana ta Linnean a Landan ranar 1 ga Afrilu, 1897. Ita kanta ba ta halarci taron ba, domin a zamanin ba a barin mata su shiga, sai wani masanin lambun Kew mai suna George Massee ne ya gabatar a madadinta. An ce takardar tana bukatar ƙarin aiki, ta janye ta, ba a kuma taɓa buga ta ba. Daga nan ta karkata ga littattafan yara da kiwon tumaki. Da ta rasu a 1943 ta bar yawancin zane-zanen ga ɗakin karatu na Armitt da ke garin Ambleside. A 1967 wani masani, W. P. K. Findlay, ya ɗauki 59 daga cikinsu ya sa a littafinsa na gane naman kazan Ingila, shekara 70 bayan waccan takarda. A 1997 kuma ƙungiyar ta Linnean ta yarda cewa ba a kyauta mata ba. Har gobe masana na iya duban zanenta su faɗi sunan abin da ta zana.

Darasi biyu muka ɗauka daga wannan labari. Na ɗaya, ilmin ya fito ne daga haɗuwar dattijon ƙauye mai sanin daji da yarinya mai haƙurin kallo da zane. Duka biyun muna da su a Magami. Na biyu, zanen da aka yi da gaskiya yana daɗewa fiye da mai shi, ya kuma fi ƙarfin waɗanda suka raina shi.

Me ya sa sai fentin ruwa? Dalili shi ne naman kaza ba ya jira. Ganyen itace ana iya matse shi cikin takarda ya bushe ya shekara ɗari da kamanninsa. Naman kaza kuwa idan ya bushe sai ya yamutse, launinsa ya gudu, ya koma kamar tsohuwar fata. Fentin ruwa yana bushewa nan da nan, yana kuma iya kama launi mai laushi da ke sauyawa daga tsakiyar laima zuwa bakinta. Wannan ne ya sa a ƙasar Kwango, zamanin mulkin Beljiyam, wata mata da ake kira Madam Goossens-Fontana ta shafe shekaru tana tara naman kaza tana zana su da fentin ruwa tun suna ɗanye, ta aika da busassun tare da zanensu zuwa Turai. A kan aikinta aka gina jerin littattafan naman kazan Kwango da aka fara bugawa a 1935, aka kuma raɗa wa sababbin ire-ire masu yawa suna.

To mu fa a nan? An yi ƙoƙari a kan itatuwa da ciyayi. Wani likita ɗan Sikotilan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya kuma fitar da babban littafinsa na amfanin tsirran Afirka ta Yamma a 1937. Daga bakin manoma, makiyaya, masu magani da ungozomomi ya samo abin da ya rubuta. A fannin naman kaza kuwa yawancin rubutun da aka yi a Nijeriya daga kudu ya fito. M. H. Zoberi ya buga littafi a kan manyan naman kazan ƙasashe masu zafi a 1972, B. A. Oso kuma ya rubuta a 1975 a kan yadda Yarabawa ke kiran naman kaza da amfanin da suke yi da shi. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Benin sun sami littafin jagora na naman kazan da ake ci a ƙasarsu tun 2002. Mu kuwa a ajinmu hoton da ke littafin ilmin halittu guda ɗaya ne, shi ma baƙi da fari, ba ya kuma kama da ko ɗaya daga cikin waɗanda ke fitowa a gonakinmu. Idan ba mu muka cike wannan giɓi ba, wa muke jira ya zo ya yi mana?

Kada a ɗauka wannan magana ta nishaɗi ce kawai, akwai rai a cikinta. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Akwai wani irin naman kaza fari mai faɗin laima, mai zobe a kara, da ke fitowa a filayen ciyawa a ƙasashe masu zafi, masana suna kiransa Chlorophyllum molybdites. Yana kama ƙwarai da wasu da ake ci, amma wanda ya ci shi zai sha amai da gudawa mai tsanani, ga yaro ƙarami kuwa abin yana iya yin muni. Babbar alamarsa ita ce ƙurar irinsa kore-kore ce, haƙarƙarinsa ma yakan koma haka idan ya tsufa. Akwai kuma wasu 'yan gidan Amanita da gubarsu ke lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Da yawansu suna da wata 'yar jaka a gindi wadda ke binne cikin ƙasa, wanda ya tsinke daga sama ba zai gan ta ba. A shekarun da abinci ya yi tsada, mutane da yawa kuma suka bar ƙauyukansu suka koma wuraren da ba su san dajinsu ba, haɗarin kuskure yana ƙaruwa. Zane mai kyau da aka liƙa a bangon aji ko na ƙaramin asibiti yana iya zama rigakafi, rigakafi kuwa ya fi magani.

Ta ɗaya gefen kuma akwai abinci mai kyau da muke takawa. Naman kazan da ke fitowa a kan suri, wanda masana ke kira Termitomyces, gara ce da kanta ke noma shi. Tana tauna ice da ciyawa ta jera su a ɗakunan da ke cikin surin, zarurrukan naman kazan su narkar da su, ita kuma ta ci. Idan ruwa ya sauka sai ya huda ƙasa ya fito da laimarsa, yana da doguwar saiwa da ta nutse har cikin gidan garar. Ana cin wannan dangi a ƙasashen Afirka da yawa, a Zambiya ma akwai irinsa da faɗin laimarsa ke kaiwa kusan mita guda. Tsofaffin matanmu da mafarauta da Fulani makiyaya sun san wanda ake sa wa a miya da wanda ba a taɓawa, sun san watan da kowanne ke fitowa. Wannan ilmi a ka yake, ba a takarda ba, kuma duk tsohuwar da ta rasu takan tafi da nata.

Shi kansa dajin yana tafiya. Itatuwa irin su doka da kawo, da ake samu a dazuzzukan kudancin jiharmu wajen Ɗansadau, suna zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da wasu ire-iren naman kaza. Zarurrukan suna naɗe saiwar itacen suna jawo masa ruwa da sinadaran ƙasa, itacen kuma yana ba su abinci. Idan aka sare dokar aka yi gawayi, naman kazanta ya tafi tare da ita. Abin da ba mu zana yau ba, wataƙila jikokinmu ko sunansa ba za su ji ba.

Har ila yau, idon da ya koyi lura da laimar kwaɗi zai lura da abin da ke cikin rumbu. Ƙasar Gusau ta daɗe da suna wajen noman gyaɗa. Akwai wata funfuna mai launin kore da rawaya, Aspergillus flavus, da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba, tana fitar da guba mai suna afalatoksin wadda ke jawo ciwon dajin hanta. An gano gubar ne bayan talo-talo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila cikin 1960 saboda abincin da aka haɗa da gyaɗa mai funfuna. A Kenya kuma mutum 125 suka rasu a 2004 bayan cin gurɓatacciyar masara. Ɗalibin da ya taɓa zama ya zana ƙwayar gyaɗa mai lafiya kusa da mai funfuna ba zai bari ƙanensa ya ci ta biyun ba, zai kuma iya yi wa mahaifinsa bayanin dalilin shanya amfanin gona a kan tabarma ko leda maimakon ƙasa mai laima.

Yanzu bari mu duba abin da masu suka za su ce. Wasu za su ce ai zamanin zane ya wuce, kowa yana da wayar hannu mai ɗaukar hoto. Gaskiya ne, mu ma muna cewa a ɗauki hoton a haɗa. Amma waya tana ɗauka cikin daƙiƙa guda, mai ita bai ga komai ba. Mai zane dole ya zauna sa'a guda yana tambayar kansa: haƙarƙarin nan ya taɓa kara ko bai taɓa ba? Karan nan cikinsa a cike yake ko rami ne? Da na tsaga shi launinsa ya sauya? A shafi guda zai nuna sama da ƙasa da ciki da gindi, ƙarami da babba, da ma'aunin tsawonsu. Bugu da ƙari, waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana goge abin da ke ciki, alhali takardun waccan Baturiya sun haura shekara 120 suna nan.

Wasu kuma za su ce wannan ɓata lokacin karatu ne ga mai shirin jarrabawa. Muna tunatar da su cewa a jarrabawar WAEC da NECO ta ilmin halittu ana ajiye wa ɗalibi abu a gabansa a ce ya zana shi, ya sa sunayen sassansa, ya faɗi ninkin girman zanen. Ɗalibai da yawa suna asarar maki a nan saboda sun saba kwafar hoton littafi, ba su saba zana abin da idonsu ya gani ba. Wanda zai zama likita, ko malamin gona, ko injiniya, lura ce jarinsa na farko.

Akwai masu cewa kayan fenti suna da tsada. To, shin mun san abin da ke riƙe fentin ruwan da Turawa ke sayarwa? Ƙaro ne, irin wanda ake samu a jikin dakwara a nan Arewa ake fitarwa waje. Shi ne dai malamanmu ke sa wa tawada tun kaka da kakanni, masu zayyanar allo kuma sun daɗe suna haɗa launuka da shi. Muna da baba mai ba da shuɗi, karan dafi mai ba da ja, saiwar rawaya, jar ƙasa, da gawayi. Waɗannan da ɗan ƙaro da ruwa sun isa a fara. Ƙaramin akwatin fenti guda kuma yana iya isar aji ɗaya har ƙarshen zango.

Magana mafi nauyi ita ce ta tsaro. Kowa ya san halin da hanyoyi da dazuzzukan yankinmu suka shiga a 'yan shekarun nan, ba kuma za mu ce wani ɗalibi ya shiga daji neman naman kaza ba, ko kusa. A fara da harabar makaranta, da bayan gida, da juji, da gindin mangwaro da darbejiya, da gonakin da ke bakin gari. Abin da ke cikin shingen makaranta kaɗai ya isa aikin damina biyu. Wannan hali ma shi ne ya ƙara sa aikin ya zama na gaggawa, domin dattawan da suka san daji da yawansu yanzu suna zaune a cikin gari tare da mu, ana iya kai musu zane a tambaye su.

Ga yadda muke ganin za a yi. Na farko, a haƙo naman kazan da wuƙa ko ƙaramar fartanya har gindinsa, kada a tsinke. Na biyu, a zana shi a ranar, da fensir tukuna sannan fenti, a nuna samansa da ƙasansa, a tsaga shi a tsaye a zana cikin. Na uku, a yanke laimar wani a kife a kan takarda, rabi fara rabi baƙa, a rufe da kofi ya kwana, da safe za a ga launin ƙurar irinsa, a rubuta. Na huɗu, a rubuta kwanan wata, da wuri, da abin da ya tsiro a kai, da itacen da ke kusa, da ƙanshinsa ko warinsa, da tsawonsa a ma'auni. Na biyar, a tambayi aƙalla dattawa biyu sunansa da amfaninsa, a rubuta kamar yadda suka faɗa, ko da sun saɓa wa juna, in akwai sunan Fulatanci shi ma a sa. Na shida, a busar da shi a ajiye cikin ambulan mai lamba ɗaya da ta zanen. Doka kuma guda ce wadda ba ta da sassauci: ba a ɗanɗanawa, ba a kai wa baki, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Muna roƙon hukumar makaranta ta ba mu babban littafi guda mai kauri da aljihun kabad a ɗakin kimiyya, malaman ilmin halittu da na zane da na Hausa kuma su haɗa kai su duba aikin. Idan kowane aji ya yi zane goma masu kyau a damina, a shekara biyar za mu tara abin da za a iya kai wa masana a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, su taimaka da sunayen kimiyya. Muna kuma roƙon iyaye kada su tsawata wa yarinyar da suka gani tsugune tana zanen laimar kwaɗi. An taɓa rufe wa wata ƙofa a 1897, sai bayan shekara 100 aka gane an yi kuskure, bai kamata mu maimaita shi a gidajenmu ba.

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Damina mai zuwa waɗannan baƙi za su sake fitowa, za su kuma ba mu kwana biyu ko uku kacal. Mu tanadi fensir da takarda tun da rani. Allah Ya ba mu ido mai lura da hannu mai haƙuri, Ya kuma maido mana da zaman lafiya a ƙasarmu, amin.